Ƙarar titi a wata unguwar gabashin Paris: abin da manhaja ta lissafa da abin da makirufo ya ji

Asalin matsalar: 1958 zuwa 1973

Unguwar da wannan nazari ya shafa tana gefen gabashin birnin Paris na ƙasar Faransa, daidai inda iyakar birnin ta haɗu da garuruwan da ke maƙwabtaka da shi. A da can ganuwa ce a wurin. An gina ta tsakanin 1841 da 1844 domin kare birnin daga hari, aka soma rushe ta a 1919, sannan aka gina benaye na jan bulo masu rahusar haya a wani ɓangare na filin, aka kuma ware wani ɓangaren domin makarantu da filayen wasanni. Ragowar filin, wanda ya zagaye birnin kamar ɗamara, shi aka shimfiɗa wa babban titi. An fara aikin a 1958, aka kammala shi a watan Afrilu na 1973. Tsawonsa kilomita 35 ne, akasarinsa layi huɗu a kowane hannu, kuma babu danja ko mahaɗar da za ta tsayar da mota a kansa.

Da yawa daga cikin gidajen sun riga titin zuwa, saboda haka mazaunansu ba su zaɓi zama a bakin hanya ba, hanyar ce ta zo ta same su. A yau motoci sama da miliyan 1 ne ke hawa titin kowace rana. Ƙarar da ke tashi daga irin wannan titi ta bambanta da ta tirela guda da za ta wuce a yi shiru bayanta. Ƙugi ne mai ɗorewa, kamar na ruwan sama a kan rufin kwano, wanda ba ya ɗaukewa da rana, ba ya kuma ɗaukewa da dare.

Kafin a shiga matakan da aka ɗauka, ya kamata a san yadda ake auna abin. Ma'aunin ƙara shi ne desibel, kuma lissafinsa ba irin na mudu ba ne. Idan motocin da ke kan titi suka ninka sau biyu, ƙarin da za a samu desibel 3 ne kacal, idan kuma aka rage rabinsu, ragin desibel 3 ne. Kunnen ɗan Adam kuwa sai an rage kusan desibel 10 yake jin cewa ƙarar ta ragu da rabi, kuma wannan daidai yake da kawar da motoci 9 cikin kowane 10. Nisa ma ba ya taimakawa da sauri a bakin titi mai cike da motoci, domin duk lokacin da aka ninka nisa sau biyu, abin da ke raguwa kusan desibel 3 ne.

Katanga da tagogi: 1980 zuwa 1993

A wancan zamani injiniyoyin Faransa suna hasashen ƙarar titi ne da jadawali da zane-zanen lissafi, irin waɗanda ke cikin kundin jagora da hukumomin ƙasar suka fitar a 1980. Mai lissafi zai ɗauki yawan motoci da gudunsu da nisan gida, ya duba jadawali, ya fitar da adadi ɗaya domin taga ɗaya. Wannan hanyar lissafi tana aiki a fili mai shimfiɗa, amma tana wahala a wurin da titi ya nutse cikin rami a nan, ya hau gada a can, benaye kuma suna mayar da amo daga kowane ɓangare.

Daga tsakiyar shekarun 1980 aka shiga gina katangun tare ƙara a gefen titin, har suka kai kimanin kilomita 14, aka kuma sauya wa gidaje da yawa tagogi zuwa masu gilashi biyu. Katanga tana aiki ne idan ta shiga tsakanin taya da kunne. Wanda ke zaune a hawa na ƙasa ko na ɗaya, wanda idan ya leƙa taga katanga yake gani maimakon motoci, yakan sami sauƙin desibel 5 zuwa 10. Wanda ke hawa na takwas kuwa, idan ya leƙa yana hango rufin kowace mota ta saman katangar, kuma duk abin da ido ya hango kai tsaye, sauti ma yana isowa kai tsaye. A unguwa mai dogayen benaye, wannan yana nufin katanga ta fi amfanar farfajiya da filin wasa da hawayen ƙasa. Ko a bayan katangar ma, sauti mai kauri irin na injin babbar mota yana lanƙwasowa ta samanta fiye da sauti mai kaifi, shi ya sa gurnanin yake saura bayan an rage sauran.

Tagogin sun yi nasu aikin, amma da sharaɗin a rufe su. Yawancin gidajen Paris ba su da na'urar sanyaya ɗaki, kuma a daren bazara mai zafi mazauni yana da zaɓi biyu ne, ko iska tare da ƙara, ko shiru tare da gumi. A 1993 aka rage iyakar gudu a titin daga kilomita 90 zuwa 80 a awa. Bayan wasu shekaru aka rufe wasu sassa biyu na titin da rufin kankare, a Porte des Lilas a 2007 da Porte de Vanves a 2008. Rufi yana kashe ƙarar kusan gaba ɗaya a inda ya rufe, sai dai tsadarsa ta sa bai wuce 'yan ɗaruruwan mitoci ba a kowane wuri, kuma titin da ke gaban unguwar da ake magana a kanta ya ci gaba da zama a buɗe.

Shigowar manhaja: 1992 zuwa 2007

A ranar 31 ga Disamba 1992 Faransa ta kafa dokar yaƙi da ƙara, wadda ta wajabta wa masu gina hanyoyi su yi la'akari da ƙarar da hanyar za ta haifar. Daga nan aka buƙaci hanyar lissafi guda da kowa zai bi, aka fitar da ita da sunan NMPB-Routes-96. Hanyar lissafi dokoki ne a rubuce, manhaja kuwa ita ce ke aiwatar da su a kwamfuta sau miliyoyi ba tare da gajiya ba. Hukumar birnin Paris ta yi amfani da manhajar Mithra, wadda cibiyar binciken gine-gine ta Faransa, CSTB, ta ƙirƙira, ta fitar da taswirar ƙarar titunan birnin ta rana a 2003, ta dare kuma a 2004.

Aikin manhajar yana farawa ne da gina birnin a cikin kwamfuta. Ana shigar da tudu da kwarin ƙasa, da siffar kowane gini da tsayinsa, da kowace katanga da gada, da nau'in ƙasa, wato ko kankare ce mai mayar da sauti ko ciyawa ce mai shanye shi. Sannan a shigar da bayanan hanya: motoci nawa ke wucewa a awa, nawa ne manya a cikinsu, da wane gudu, a kan wace irin kwalta, kuma hanyar hawa take yi ko gangara. A titin da ya kewaye Paris akwai wayoyin ƙidaya da aka binne cikin kwalta, waɗanda ke ƙirga motoci dare da rana, don haka bayanan zirga-zirgarsa sun fi na ƙananan tituna inganci.

Lissafin mataki biyu ne. Na farko shi ne ƙarar da ke fita daga hanya. Mota tana da ƙara iri biyu, ta inji da ta haɗuwar taya da kwalta. A ƙaramin gudu inji ne ke rinjaye, amma da zarar ƙaramar mota ta wuce kilomita 30 zuwa 40 a awa, ƙarar taya ce ke danne ta inji. Manhaja tana yanka hanya gunduwa-gunduwa, ta ɗauki kowace gunduwa a matsayin maɓuɓɓugar sauti mai ƙarfin da ya dace da motocin da ke kanta.

Mataki na biyu shi ne tafiyar sautin, kuma a nan ne kwamfuta ta fi ɗan Adam nesa ba kusa ba. Manhaja tana dasa kunnuwan wucin gadi a ko'ina, a fili da jikin gine-gine, sannan daga kowane kunne ta nemo duk hanyar da sauti zai iya bi ya iso shi: wadda ta zo kai tsaye, da wadda ta bugi bangon bene ta dawo, da wadda ta lanƙwaso ta saman katanga ko ta kusurwar gini. A kowace hanya tana cire abin da nisa ya rage, da abin da iska ta shanye, da abin da ƙasa ta shanye, da abin da shinge ya tare, kuma tana yin hakan daban-daban ga sauti mai kauri da matsakaici da mai kaifi, domin ba ɗabi'arsu ɗaya ba. Abin da hanyar lissafin Faransa ta 1996 ta yi fice da shi shi ne yanayi. Idan iska tana kaɗawa daga titi zuwa gida, ko da dare lokacin da iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama sanyi, sauti yana karkatowa ƙasa, ya tsallake shinge, ya yi nisa. Duk wanda ya taɓa jin ƙarar jirgin ƙasa daga nesa da asuba, alhali da rana ba ya jin ta, ya san wannan. Manhaja tana lissafa yanayin da ke taimakon sauti da wanda ba ya taimakonsa, ta haɗa su gwargwadon yawan faruwar kowanne a shekara. A ƙarshe ta tara dukan hanyoyin, ta ba kowane kunne adadinsa, ta mayar da adadin launi a kan taswira.

A 2002 Tarayyar Turai ta wajabta wa manyan birane su fitar da irin wannan taswira duk bayan shekara 5, ta kuma zaɓi hanyar lissafin Faransa a matsayin ta riƙon ƙwarya ga ƙasashen da ba su da tasu. Ta kawo ma'auni mai suna Lden, wanda ke haɗa rana da yamma da dare na tsawon shekara, yana ƙara desibel 5 ga ƙarar yamma da desibel 10 ga ta dare saboda sun fi cutarwa. A Faransa rana tana daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma, yamma zuwa 10 na dare, dare kuma zuwa 6 na safe. A 2006 ƙasar ta tsayar da iyaka ga ƙarar titi: desibel 68 a ma'aunin Lden, da desibel 62 da dare. Taswirar da aka sabunta a 2007 ta nuna titin kewaye kamar zobe mai duhun launi, kuma fuskokin benayen da ke kallonsa a kusa suna saman iyakar, yayin da farfajiyar da ke bayan ginin guda take da sauƙi sosai.

Akwai abu guda a tsarin taswirar da ya shafi unguwar kai tsaye. Dokar Turai ta ce a yi lissafi a tsayin mita 4 daga ƙasa, wato wajen hawa na ɗaya, kuma wajen ƙirga mutane, akan ɗora wa dukan mazauna gini adadin fuskar da ta fi jin ƙara. Wannan yana ƙara yawan waɗanda ake ganin abin ya shafa, tunda har da masu kwana a ɗakunan baya ake haɗawa, amma kuma yana ɓoye halin mazauna hawayen sama a inda akwai katanga, domin kunnen da ke mita 4 yana cikin inuwar katangar. Manhajar tana iya lissafa kowane hawa, kuma taswirar Paris ta nuna fuskokin gine-gine daga ƙasa har sama, sai dai alƙaluman da ake kai wa hukuma na mita 4 ne.

Makirufo ya bi sawun taswira: 2004 zuwa 2012

A 2004 hukumar yankin Paris ta kafa cibiyar sa ido kan ƙara mai suna Bruitparif. A bazarar 2009 cibiyar ta kafa makirufo a wurare daban-daban a kewayen titin, ta saurara dare da rana na tsawon kusan wata guda. Awon ya tabbatar da babban abin da taswira ta faɗa, cewa a inda babu kariya ƙarar ta haura iyaka. Ya kuma nuna wasu abubuwa da taswira ba ta nuna ba. Tazarar dare da rana kaɗan ce, ƙarshen mako ba ya kawo hutu na a zo a gani, kuma lokacin da ƙarar ke kai ƙololuwa shi ne sanyin safiya, kafin cunkoso ya kama, sa'ad da manyan motocin kaya ke da yawa, hanya kuma a buɗe take kowa yana gudu. Lokacin cunkoso, wanda mai kallo zai zaci shi ya fi ƙara, motoci suna rarrafe ne, ƙarar taya kuma tana faɗuwa.

Abu na biyu da makirufo ya kama shi ne ƙarar farat ɗaya: babur da aka cire wa salansa, jiniyar motar asibiti ko ta 'yan sanda, da oda. Manhaja ba ta lissafa waɗannan, domin jadawalinta na motoci masu lafiya ne da ke tafiya yadda doka ta tsara, kuma sakamakonta matsakaici ne na shekara. Babur guda da ya tsaga dare da ƙarfe 3 ba ya motsa matsakaicin shekara ko kaɗan, amma shi ne ke tayar da yaro daga barci. Wanda zai ɗauki irin wannan manhaja ya lissafa ƙarar wata hanya a Kano ko Yamai zai gamu da wannan giɓi fiye da na Paris, tunda jadawalin daga motocin Turai aka samo shi, kuma babu gurbin oda ko janareta a cikin lissafin titi.

Gwajin kwalta: Yuni 2012

Tunda lissafi ya nuna cewa a gudun kilomita 80 taya ce ke yin mafi yawan ƙarar, hankali ya koma kan kwalta. A watan Yuni na 2012 aka zaɓi mita 200 na titin a gaban wannan unguwa, aka kankare tsohuwar kwalta, aka shimfiɗa sabuwa mai ƙananan tsakuwa da ƙofofin iska a jikinta. Ƙananan tsakuwa suna rage girgizar taya, ƙofofin kuma suna ba iskar da taya ke matsewa hanyar fita, suna shanye wani ɓangare na sautin.

An shirya awon tun kafin aikin. Makirufo ɗaya yana tsakiyar titi a kan shingen da ya raba hannu biyu, inda motoci ke wuce shi ta dama da hagu, wasu suna manne a jikin benayen da ke kallon titin, wani kuma yana can wajen yankin gwajin domin a gane ko sauyin da aka gani daga kwalta yake ko daga yanayi da yawan motoci. Bayan watannin farko, makirufon tsakiyar titi ya nuna ragin kusan desibel 7.5, wanda ya yi daidai da a ce motocin sun koma ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar. A jikin benaye kuwa ragin ya tsaya tsakanin desibel 2 da 4 da 'yan kai, gwargwadon inda ginin yake.

Tazarar da ke tsakanin adadin biyu ba ta ba masu lissafi mamaki ba, domin irin abin da manhaja ke fayyacewa ke nan. Tagar hawa na sama ba mita 200 kaɗai take ji ba, tana jin titin daga hagu da dama har inda ido ya ƙare, tana kuma jin hanyoyin hawa da sauka da titunan cikin unguwa. Misali na lissafi zai nuna haka: idan sashen da aka gyara shi ke kawo kashi 60 cikin 100 na sautin da ke isa taga, aka rage shi da desibel 7.5, sauran kashi 40 kuma suna nan yadda suke, ragin da tagar za ta samu kusan desibel 3 ne. Wannan ya nuna cewa gajeren faci ba ya wadatarwa, sai an tsawaita shimfiɗar sosai ta wuce gidajen ta kowane ɓangare. Daga 2013 aka ci gaba da aikin a sassan da suka fi yawan mazauna, shekara bayan shekara, har sabuwar kwaltar ta rufe kusan rabin titin. Makirufon da aka bari a wurin ya nuna wani abu kuma daga baya: amfanin yana zaizayewa a hankali, ƙasa da desibel 1 a shekara, yayin da ƙura ke toshe ƙofofin, tayoyin manyan motoci kuma ke cinye fuskar kwaltar.

Rage gudu zuwa 70: Janairu 2014

A ranar 10 ga Janairu 2014, a zamanin magajin gari Bertrand Delanoë, iyakar gudu ta sauka daga kilomita 80 zuwa 70 a awa. Lissafi ya nuna cewa idan dukan ƙananan motoci suka sauka daga 80 zuwa 70, ragin zai kai kusan desibel 1. Awon Bruitparif ya samu ragin desibel 1.2 da dare, da desibel 0.5 da rana. Na dare ya yi daidai da rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na motoci, na rana kuma kusan kashi ɗaya cikin goma. Dalilin bambancin a fili yake: da rana cunkoso ya riga ya riƙe motoci ƙasa da 70 a mafi yawan sa'o'i, saboda haka sabon allon bai sauya musu komai ba. Taswirar da aka ciyar da gudun da ke rubuce a allo za ta nuna ragi iri ɗaya dare da rana, wadda aka ciyar da gudun da wayoyin cikin kwalta suka auna ita ce za ta nuna abin da makirufo ya ji. Ragin desibel 1 kuwa, kunne ba ya rarrabe shi daga jiya zuwa yau.

Sabuwar hanyar lissafi da wata bazara ta kulle: 2015 zuwa 2022

A 2015 Tarayyar Turai ta amince da hanyar lissafi guda ga dukan ƙasashenta, mai suna CNOSSOS-EU, wadda ta zama dole daga 31 ga Disamba 2018, aka kuma yi mata gyara a 2021. Sashenta na tafiyar sauti an gina shi ne a kan hanyar Faransa da aka sabunta a 2008. Ta raba motoci zuwa ƙanana da matsakaita da manya da babura, ta sanya maɓuɓɓugar sauti a santimita 5 sama da kwalta, ta kuma sauya yadda ake rarraba mazauna gini a kan fuskokinsa. Manhajojin kasuwa irin su CadnaA da SoundPLAN na Jamus sun shigar da ita, haka ma NoiseModelling, manhaja ta kyauta da masu bincike na Faransa suka rubuta, wadda kowa ke iya duba lissafinta. Taswirorin zagayen 2022 su ne na farko da aka yi da sabuwar hanyar, kuma hakan ya sa ba a iya jera su kai tsaye da na 2017 a ce bambancin daga titi yake, tunda ma'aunin kansa ya sauya. Wanda ke son sanin ko ƙarar unguwar ta ragu cikin shekara 10 dole ya koma ga makirufon da bai motsa daga wurinsa ba.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar titi ta wuce desibel 53 a ma'aunin Lden, da desibel 45 da dare, bisa hujjojin da suka danganta ta da rashin barci da cututtukan zuciya. Tsakanin wannan da iyakar Faransa akwai desibel 15 a ma'aunin Lden, da desibel 17 da dare.

Kullen annobar korona, daga 17 ga Maris zuwa 11 ga Mayu 2020, ya zama gwajin da ba wanda ya shirya. Motoci sun ragu ƙwarai, ƙara ta sauka a ko'ina, amma saukarta a manyan hanyoyi ba ta kai ta titunan cikin gari ba, domin 'yan motocin da suka rage sun sami hanya a buɗe suna gudu. Game da babura masu ƙara kuwa, a 2022 birnin ya fara gwajin na'urar da ke gano motar da ta wuce kima a ƙara ta ɗauki lambarta, a tituna biyu na cikin gari.

Rage gudu zuwa 50: Oktoba 2024

Daga 1 zuwa 10 ga Oktoba 2024, magajiyar gari ta lokacin, Anne Hidalgo, ta sauke iyakar gudu zuwa kilomita 50 a awa, sashe bayan sashe. An yi ja-in-ja a kan matakin. Shugabar yankin, Valérie Pécresse, ta ƙi amincewa da shi, tana ganin ƙara shimfiɗa kwalta mai rage ƙara ya fi, masu zuwa aiki daga bayan gari da dare ko da asuba kuma suka koka da ƙarin lokacin tafiya. Lissafi ya nuna cewa sauka daga 70 zuwa 50 a hanya buɗaɗɗiya yana rage kusan desibel 3 ga ƙananan motoci. Awon da aka yi a watannin da suka biyo baya ya samu ragin desibel 2 zuwa 3 da dare, da ƙasa da haka da rana, saboda dalilin da aka gani a 2014. A ranar 3 ga Maris 2025 aka keɓe layi ɗaya a lokutan cunkoso ga motocin da ke ɗauke da fiye da mutum ɗaya da tasi da bas.

Hukunci

Idan aka duba shekarun nan gaba ɗaya, manhajar ta yi gaskiya a duk inda aka ba ta bayanan gaskiya. Desibel 1 da ta hango a 2014 da desibel 3 da ta hango a 2024 sun fito a makirufo da dare, lokacin da motoci ke bin gudun allo. Ta kuma bayyana dalilin da ya sa katanga ta bar hawayen sama, da dalilin da ya sa desibel 7.5 na tsakiyar titi ya koma 2 zuwa 4 a taga. Babban amfaninta a ganina shi ne tana ba da damar gwada magani kafin a kashe kuɗi: a ɗaga katanga mita 2 a cikin kwamfuta, a tsawaita kwalta, a sauke gudu, a ga wace taga ce ta amfana. Makirufo ba ya iya wannan, domin abin da ya riga ya faru kaɗai yake ji, kuma a wuri ɗaya.

Inda ta gaza wurare uku ne, kuma biyu daga ciki laifin abin da aka ciyar da ita ne ko abin da aka tambaye ta. Gudun allo ba shi ne gudun hanya ba, kwaltar da ke cikin kwamfuta kuma ba ta tsufa sai an gaya mata ta tsufa. Tsayin mita 4 doka ce ta zaɓe shi domin a iya kwatanta birane, bai kuma dace da unguwar da mutanenta ke kwana a hawa na takwas ba. Gazawa ta uku ita ce ta asali: matsakaicin shekara ba ya ganin babur da jiniya, alhali su ne ke katse barci, kuma wannan sai dai doka da jami'an hanya su magance shi.

Daga cikin magungunan, waɗanda suka taɓa ƙarar a tushenta, wato kwalta da gudu, su ne suka isa kowane hawa, domin sun rage abin da ke tashi daga titi tun kafin ya kama hanya. Sai dai ba daidai ba ne a tara ribarsu kamar kuɗi. Kwalta mai rage ƙara ta fi amfani a babban gudu, inda taya ke rinjaye, saboda haka sauka zuwa 50 ya ci wani ɓangare na ribarta, shekaru kuma sun ci wani. Ko da an ɗauki adadi mafi kyau na kowane mataki, ragin dare a tagogin unguwar bai kai desibel 10 da kunne ke ji a matsayin rabi ba, kuma benayen da ke kallon titin suna nesa da desibel 45 na Hukumar Lafiya ta Duniya. Mazaunan sun sami sauƙi na gaske da za a iya aunawa, musamman tsakanin tsakar dare da asuba, amma har yanzu suna bakin titin da motoci sama da miliyan 1 ke hawa. Zagaye na gaba na taswirorin Turai zai zo a 2027, kuma shi ne na farko da za a lissafa titin da gudun kilomita 50, da hanyar lissafi iri ɗaya da ta 2022.